Yadda Ake Bibiyar Aikin Jarumar Tsofaffin Fina-finan Amurka Tsakanin Daɓe da Majigi

Duk wanda ya ɗauko jerin fina-finan Katharine Hepburn ya bi shi shekara bayan shekara zai tarar da fim biyu a 1938, babu ko ɗaya a 1939, sai kuma fim guda a 1940 wanda ya dawo mata da martabarta. Idan wannan jeri kaɗai ke gabansa, zai ɗauka hutawa ta yi ko kuma ciwo ne ya kwantar da ita, alhali kuwa a shekarar ce ta yi aikin da ya ceci sana'arta, tana hawa daɓe sau takwas a kowane mako a birnin New York. Da yawa daga cikin jarumai mata na wancan zamani haka aikinsu ya kasance, ƙafa ɗaya a gidajen wasan daɓe na Broadway, ɗaya kuma a kamfanonin fim na Hollywood, ga shi tsakanin wuraren biyu tafiyar kusan kwana uku ce a jirgin ƙasa. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da mai sha'awa, ko ɗalibi, ko marubuci zai bi ya haɗa ɓangarorin biyu a wuri guda, domin wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya rabin labari ne a hannunsa.

Zaɓen jaruma da shirya takarda

Zamanin da ake magana a kansa ya fara ne daga 1927, shekarar da kamfanin Warner Bros. ya saki The Jazz Singer aka soma jin murya a fim, ya kai wajen 1960 lokacin da tsarin manyan kamfanoni ya gama rushewa. Ka zaɓi jaruma ɗaya kawai da farko, kuma ta kasance wadda ta yi daɓe ta yi fim. Hepburn ko Bette Davis ko Barbara Stanwyck sun fi dacewa da mai koyo. Greta Garbo, duk da girman sunanta, ba za ta koya maka wannan hanya ba, domin ba ta taɓa hawa daɓen Broadway ba.

Sai ka sami takarda mai faɗi, ko ka buɗe shafi a kwamfuta, ka raba shi gida huɗu: shekara, wasan daɓe, fim, da sunan kamfanin da ke riƙe da kwantiraginta a wannan shekara. Gida na huɗu shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi, kuma shi ne zai fi yi maka bayani nan gaba. Don cike gidan daɓe, rumbun bayanai na intanet da ake kira IBDB yana ɗauke da sunan kowane wasa da aka yi a Broadway, da ranar buɗewa da ta rufewa, da adadin lokutan da aka nuna shi. Don cike gidan fim kuwa, kundin AFI na Cibiyar Fina-finan Amurka ya fi sauran inganci, saboda yana faɗin kamfanin da ya shirya fim da wasan daɓe ko littafin da aka ciro labarin daga cikinsa.

Akwai ramuka a wannan aiki da ya kamata a san da su tun kafin a faɗa. IBDB Broadway kaɗai ya sani, saboda haka wasannin da jaruma ta yi a ƙananan garuruwa lokacin bazara, da rangadin da ta yi jiha-jiha, da abin da ta yi a Landan, duk ba za su fito ba. Tallulah Bankhead ta shafe daga 1923 zuwa 1931 tana cika gidajen wasa a Landan, amma wanda ya dogara da wannan rumbu kaɗai zai ɗauka zaman banza ta yi. Sannan akwai batun suna. Stanwyck sunanta na yanka Ruby Stevens, kuma da shi ta fara rawa a cikin ayarin 'yan mata na wasannin Ziegfeld. Joan Crawford kuwa Lucille LeSueur ce har zuwa 1925, lokacin da kamfanin MGM ya sa gasa a wata mujalla masu karatu suka zaɓa mata sabon suna. Rita Hayworth ta yi fina-finanta na farko da sunan Rita Cansino. Idan ba ka nemi tsohon sunan ba, shekarun farko za su ɓace maka. Haka ma ranar haihuwa, kada ka amince da abin da mujallun wancan lokaci suka buga, domin sashen talla na kamfanoni ne ke rubuta musu tarihi yana rage musu shekaru. Hepburn kanta an daɗe ana rubuta 1909 a matsayin shekarar haihuwarta, sai a ƙarshen rayuwarta ta tabbatar cewa 1907 ce. Game da lambar yabo ta Oscar, ka riƙa rubuta shekarar fim dabam da shekarar bikin, tunda bikin yakan zo ne a farkon shekarar da ke biye.

Fahimtar kwantiragi kafin a hukunta jaruma

Da zarar ka cike takardarka za ka ga abin da zai ba ka mamaki: jaruma mai hazaƙa ta yi fim huɗu ko biyar a shekara guda, kuma uku daga ciki marasa daɗi ne. Kafin ka ce ba ta iya zaɓen labari ba, ka duba gida na huɗu. Manyan kamfanoni biyar, wato MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century-Fox da RKO, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma suna da gidajen sinima nasu na kansu da ke buƙatar sabon fim kowane mako. Sukan ɗauki jaruma a kan kwantiragin shekara bakwai, amma kamfani ne kaɗai ke da ikon sabunta shi ko soke shi, galibi bayan kowane wata shida. Ita ba ta da wannan iko. Rawar da aka ba ta ita za ta taka, idan ta ƙi sai a dakatar da ita ba albashi, ba kuma damar yin aiki a wani wuri, sannan a ɗauki kwanakin dakatarwar a ƙara su a ƙarshen kwantiragin. Da wannan dabara shekara bakwai tana iya zama tara.

Kamfani yana kuma iya ba da aron jarumarsa ga wani kamfani ya karɓi kuɗin, ita kuwa albashinta na kullum za ta ci. Ka riƙa sa alama a kan irin waɗannan fina-finai na aro, domin sau da yawa a cikinsu ne jaruma ke samun rawar da kamfaninta bai taɓa tunanin ba ta ba. Bette Davis ta zo Hollywood a 1930 bayan ta yi wasa a Broadway a 1929, ta shiga Warner a 1932, amma ba a san ko wace ce ita ba sai da aka ba da aronta ga RKO ta yi Of Human Bondage a 1934. A shekarar ce kuma Paramount ta ba da aron Claudette Colbert ga Columbia, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne, ta dawo da Oscar.

Shari'u biyu ne ya wajaba ka riƙe, domin su ne ke bayyana giɓi a takardun jarumai da yawa. A 1936 Davis ta gaji da labaran da ake ba ta, ta tsallake zuwa Ingila don yin fim da wani furodusa, sai Warner ya bi ta har kotun Landan ya kayar da ita, ta dawo gida da bashin lauyoyi. Abin lura shi ne bayan ta dawo labaran da ake ba ta sun inganta, har ta ci Oscar ta biyu da Jezebel na 1938. Shari'a ta biyu ita ce ta Olivia de Havilland. Kwantiraginta da Warner ya cika a 1943, kamfanin ya ce akwai sauran wata shida na dakatarwa da za ta biya, ita kuma ta kai ƙara bisa wata dokar ƙwadago ta jihar Kalifoniya da ta hana a ɗaure mutum da aiki fiye da shekara bakwai. A watan Disamba na 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shekara bakwai na nufin bakwai na kalanda, ba tare da ƙari ba. Kusan shekara biyu ta yi ba ta ɗaukar fim saboda wannan rigima, amma da ta dawo tana zaɓar wa kanta labari sai ta ci Oscar biyu, da fim na 1946 da na 1949. Bayan haka, a 1948, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen siniminsu, daga nan dogayen kwantiragi suka fara ja da baya. Saboda haka idan ka ga jaruma ta rage yawan fim ta ƙara yawan daɓe bayan 1950, kada ka yi saurin cewa tauraruwarta ce ta dusashe.

Stanwyck ta bambanta da su, kuma saboda wannan ne takardarta ke da daɗin nazari. Ta ƙi yarda kamfani ɗaya ya mallake ta, ta riƙa yin yarjejeniya da kamfanoni dabam-dabam, har a 1944 aka bayyana ta a matsayin macen da ta fi kowace mace samun albashi a Amurka. Ita da ta yi suna a Broadway da The Noose a 1926 da Burlesque a 1927, tunda ta tafi Hollywood ba ta sake komawa ba sai sau ɗaya, a wasan Tattle Tales na 1933.

Shekarun ƙaura, 1927 zuwa 1932

Ka ba wa waɗannan shekaru kulawa ta musamman. Da murya ta shigo fim, kamfanoni sun shiga neman waɗanda suka iya haddace dogon zance su faɗe shi da fasaha, kuma a Broadway suke. Wanda ya san yadda ƙungiyoyin wasan daɓe na Kano suka samar da jaruman farko na fina-finan bidiyo na Hausa ba zai yi mamakin wannan ba. Tambayar da za ka yi wa kowace jaruma ita ce, da ta je, ta zauna ko ta juya? Colbert da Stanwyck da Davis sun zauna. Helen Hayes ta je ta ci Oscar da fim ɗinta na 1931, ta yi 'yan shekaru, ta ga wurin bai karɓe ta ba, ta koma daɓe inda ta fito a matsayin Sarauniya Victoria daga 1935. Bankhead ta yi wa Paramount fina-finai a 1931 da 1932 ba su karɓu ba, ta koma. Katharine Cornell, wadda ake lissafa ta cikin manyan 'yan wasan daɓe na zamaninta, ta ƙi zuwa sam, in ban da 'yar fitowa ta mintuna kaɗan da ta yi a wani fim na lokacin yaƙi a 1943. Lillian Gish kuma akasin hanyar ta bi, domin ita tauraruwar fina-finan da ba su da murya ce, da murya ta zo sai ta koma daɓe a 1930, har ta fito a matsayin Ophelia a wasan Hamlet na Shakespeare tare da John Gielgud a 1936.

Bin rawa, ba jaruma kaɗai ba

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, kuma a ganina shi ne ya fi kowane lada. Ga kowane fim da ke takardarka, ka bincika ko daga wasan daɓe aka ciro shi, idan haka ne ka rubuta sunan wadda ta fara taka rawar a gefe. Nan da nan za ka ga cewa Broadway na gina rawa, Hollywood na saye ta miƙa wa wata. Fim ɗin Hepburn na farko, A Bill of Divorcement na 1932, rawar Cornell ce ta 1921. The Letter da Davis ta yi a 1940 shi ma Cornell ce ta yi shi a Broadway a 1927. Bankhead ta yi Dark Victory a daɓe a 1934 da The Little Foxes a 1939, duka biyun Davis ce ta yi su a fim. Shirley Booth ta gina rawa biyu a daɓe waɗanda Hepburn ta ɗauka a fina-finan 1955 da 1957. Da aka zo mayar da A Streetcar Named Desire fim a 1951, an ɗauki Marlon Brando da Kim Hunter da Karl Malden daga cikin 'yan wasan Broadway na 1947, amma aka bar Jessica Tandy wadda ita ce jigon wasan, aka ba Vivien Leigh da ta yi shi a Landan, saboda ana buƙatar sunan da zai sayar da tikiti. Dalilin ke nan a mafi yawan lokuta. Mai zuba jari ba ya tambayar wadda ta fi iyawa, fuskar da mutanen ƙananan garuruwa suka sani yake nema.

Da wannan fahimtar sai ka koma ga shekarar 1939 ta Hepburn, za ka ga wayon da ta yi. A watan Mayu na 1938 wata ƙungiyar masu gidajen sinima ta buga talla a jaridar masana'antar tana kiran wasu taurari guba ga kasuwa, ciki har da ita da Garbo da Crawford da Marlene Dietrich da Mae West. Ta biya kuɗi ta fanshi kanta daga RKO ta koma gabas. Marubuci Philip Barry ya rubuta mata The Philadelphia Story daidai da halinta da muryarta, aka nuna shi fiye da sau 400 a Broadway. Tun kafin kamfanoni su farga ta riga ta mallaki haƙƙin mayar da wasan fim, da taimakon attajiri Howard Hughes. Don haka da MGM ya zo saye, ba shi da yadda zai yi ya miƙa rawar ga wata, dole ya ɗauke ta tare da daraktan da ta zaɓa, George Cukor. Ta san abin da ake yi wa irin su Bankhead, sai ta toshe ƙofar tun da wuri.

Ka kuma ware waɗanda suka riƙe rawarsu daga daɓe har fim, domin su ne za su nuna maka kusan yadda wasan ya kasance. Judy Holliday ta yi Born Yesterday a Broadway daga 1946 ta kuma yi shi a fim a 1950 ta ci Oscar. Booth ta yi Come Back, Little Sheba a daɓe a 1950 ta ci lambar yabo ta wasan daɓe da ake kira Tony, ta maimaita a fim a 1952 ta ci Oscar. Ethel Waters ta riƙe rawarta a Cabin in the Sky da kuma The Member of the Wedding.

Yadda za a kalla

Wasan daɓe na wancan zamani ya tafi da waɗanda suka gan shi, domin ɗakin karatu na New York bai fara ɗaukar wasannin Broadway a faifai don ajiya ba sai 1970. Abin da ya rage shi ne hotuna, da sharhin jaridu, da sauti. Tsofaffin kofen jaridar Variety da mujallar Photoplay suna nan kyauta a shafin intanet na Media History Digital Library, kuma ka fi ba wa Variety muhimmanci saboda ta 'yan kasuwa ce, tana faɗin abin da wasa ya tara da dalilin rufe shi. Shirin rediyo na Lux Radio Theatre, wanda ya gudana daga 1934 zuwa 1955, yana da amfani ƙwarai, domin jarumai kan maimaita fim cikin sa'a guda kai tsaye a gaban jama'a, kuma a nan ne ake gane wadda daɓe ya horar da muryarta. Idan jarumarka ta fara tun zamanin fim marar murya, ka sa a ranka cewa binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan wancan lokaci sun ɓace gaba ɗaya.

Idan ka zauna kallo, ka bi fina-finan bisa jerin shekaru, kuma ka lura da abu biyu, murya da fuska. 'Yar daɓe an koya mata ta jefa murya har kujerar ƙarshe ta bene, ta kuma yi motsin da na nesa zai gani. Kyamara kuwa tana kusa, ƙiftawar ido ma tana kamawa. A fina-finan 1929 zuwa 1931 za ka ga wasunsu suna magana kamar masu shela, suna buɗe hannuwa, sai a hankali su gane cewa a nan ragewa ake yi.

Misalin da nake so kowa ya tsaya a kansa yana cikin The Little Foxes na 1941, wanda William Wyler ya ba da umarni. Mijin matar da Davis ke fitowa a matsayinta yana da ciwon zuciya, ciwon ya taso masa suna cikin gardama, kwalbar maganinsa ta zube, ya roƙe ta ta ɗauko masa wata a sama. Ba ta motsa ba. Ya miƙe da ƙyar ya nufi matakala yana tangaɗi, amma kyamara ba ta bi shi ba, ta tsaya a kan fuskarta tana zaune ƙiƙam, idanu a buɗe, shi kuma yana can baya dishi-dishi har ya faɗi. A daɓe mai kallo ne ke zaɓar inda zai duba, kuma ido kan bi mai motsi. A nan darakta ya ƙwace wannan zaɓi ya ɗora dukan nauyin a kan macen da ba ta yin komai. Ka kalli wurin sau biyu, na biyun ka kashe sauti.

Misali na biyu shi ne buɗewar The Philadelphia Story, wadda babu ita a wasan daɓe. Cary Grant ya fito daga gida da kayansa, Hepburn ta biyo shi da jakar sandunan wasan golf ɗinsa, ta zare ɗaya ta karya a gwiwa, shi kuma ya ɗaga hannu kamar zai naushe ta, ya fasa, ya sa tafin hannu a fuskarta ya ture ta ta faɗi. Ba a furta kalma ko ɗaya ba. Jama'a sun ɗauke ta mai girman kai, saboda haka aka fara da kayar da ita a gabansu don su huce su saurari sauran labarin. Yau mai kallo zai iya jin wurin ya yi masa nauyi, kuma yana da hujja, amma ga mai nazari yana nuna yadda ake gyara wasan daɓe don ya yi wa sunan jaruma aiki. Duk inda ka samu rubutun wasan na asali, ka gwada shi da fim ɗin ka ga abin da aka ƙara da abin da aka cire.

Karanta giɓi

Yanzu ka koma takardarka ka zagaye duk shekarun da gidan fim ya zama fanko, ka duba abin da ke gidan daɓe a daidai lokacin. Dalilan giɓi ba su da yawa, kuma suna maimaita kansu.

Akwai tacewa. An rubuta ƙa'idojin tace fina-finai da ake kira dokar Hays a 1930, amma sai a watan Yulin 1934 aka fara aiki da su da gaske a ƙarƙashin Joseph Breen. Mae West ita ke rubuta wasanninta, har an yanke mata hukuncin kwana 10 a gidan yari a 1927 saboda ɗaya daga cikinsu. Fim ɗinta na 1933 da aka ciro daga wasanta Diamond Lil ya tara wa Paramount kuɗi masu yawa, amma bayan 1934 aka riƙa yanke mata zance har armashin ya tafi. Daga 1943 ba ta sake fim ba sai 1970, kuma a tsakanin nan daɓe ta koma.

Akwai launin fata, kuma a nan takarda takan fi ban takaici. Anna May Wong, haifaffiyar Los Angeles 'yar asalin Sin, ta gaji da ƙananan rawa ta tafi Turai a 1928, ta yi wasa a Landan a 1929 tare da Laurence Olivier. Da MGM ya tashi yin The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, sai ya ba Luise Rainer babbar rawar, tunda jarumin Bature ne kuma dokar tacewa ba ta yarda a haɗa masu launin fata dabam-dabam a aure ba. Lena Horne ta sa hannu da MGM a 1942, amma a yawancin fina-finan waƙa kawai take yi ita kaɗai, yadda za a iya cire wurin idan za a nuna fim a jihohin kudu. Babbar rawa ta same ta ne a Broadway a 1957. Waters ma a daɓe ta samu rawar da ta dace da ita tun 1939, shekarar da Hattie McDaniel ta fito a matsayin baiwa a fim ɗin da ya sa ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar.

Akwai siyasa. Daga 1947 wani kwamitin majalisar wakilai ya shiga farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin gurguzu, kamfanonin fim kuma suka daina ɗaukar duk wanda ya ƙi ba da haɗin kai. Anne Revere, wadda ta riga ta ci Oscar, ta ɓace daga fim bayan 1951 har kusan shekara 20, amma Broadway bai rufe mata ƙofa ba, ta ci Tony a 1960. Lee Grant ta shiga jerin 'yan takarar Oscar da fim ɗinta na farko a 1951, nan take aka sa ta a baƙin littafi na kimanin shekara 12.

Sai kuma shekaru, wanda shi ne dalilin da ya fi yawa. Da mace ta haura 40 labarai kan ragu mata, abin da All About Eve na 1950 ya ɗauka a matsayin jigonsa, inda Davis, tana da shekara 42, ta fito a matsayin tauraruwar daɓe mai fargabar tsufa. Ita kanta ta koma Broadway a 1952 da 1961. Hepburn ta rungumi wasannin Shakespeare daga 1950, har ta yi rangadin Ostareliya a 1955. Idan ka iso waɗannan shekaru, ka ƙara gida na biyar a takardarka don talabijin, domin can ne da yawansu suka ƙarasa aiki. Stanwyck ta jagoranci wani shiri na mako-mako daga 1965 zuwa 1969, Booth kuma, duk da Tony uku da Oscar ɗaya da take da su, yawancin Amurkawa sun san ta ne a matsayin 'yar aikin gida a wani shirin barkwanci da aka fara a 1961. Kada ka rufe takarda da wuri don ka ga gidan fim ya daɗe fanko. Jessica Tandy, wadda aka tsallake a 1951, ta ci gaba da daɓe tare da mijinta Hume Cronyn shekaru masu yawa, kuma sai a bikin 1990 ta karɓi Oscar, tana da shekara 80.